Kai Arba'in Ranar Asabar

2 ga Maris

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, da maigida da yara. Mu nan lafiya lau, in ban da mura da ƙaramarmu ta kwaso a makaranta ta raba wa kowa, sai kuma tarin nan nawa da yake tafiya yana dawowa.

Na san za ki juya takardar nan ki ga ko wane ne. Ni ne Dogo. Kakata da kakarki uwa ɗaya uba ɗaya suke. Rabona da ke shekara tara, tun ranar da muka haɗu a asibiti wajen duba Kawu, kika ce in tashi tsaye in gaishe ki, alhali a tsaye nake.

Yaya, maganar aiki ce ta sa na rubuto. Shekarata ashirin da ɗaya ina kula da ɗakin fayil na kamfaninmu, can ƙasan bene. Kanta goma sha huɗu ne na ƙarfe, da tebur, da taga ɗaya wadda ba a ganin komai ta cikinta sai takalman masu wucewa. Duk mutanen kamfanin nan da takalmansu nake gane su. A tambaye ni takardar shekara goma sha biyar baya, kafin mutum ya gama zama na ɗauko ta.

To watan jiya aka kawo sabon manaja, yaro ne sa'an ɗanki na fari, ba ya zama, yana magana yana tafiya. Ya sa aka sauko mini da wata na'ura mai girman firji. Ka sa mata takarda ta sama, ta haɗiye, ta ɗauki hotonta ta tura kwamfuta, ta tofo ta ta ƙasa. Ya ce, "Baba, kai za ka riƙa ba ta." Na ce, "Ranka ya daɗe, idan ta cinye duka fa?" Ya dafa kafaɗata ya ce, "Za mu duba."

Tun da nake wurin nan ban taɓa ganin wanda aka ce wa za mu duba ya ƙara shekara ba. Ina ba ta takardun a hankali kamar mai ba marar lafiya magani, amma duk da haka kanta uku sun tafi.

Gwaggo ta ce mini kin buɗe sabon wuri kina neman mutum mai amana. Ban ce ina so ba, ban ce ba na so ba. Tambaya nake: wane irin aiki ne, kuma mai shekara arba'in da takwas zai iya? Don Allah ki aiko amsa ta ofis. Maman yara ba ta san komai ba, ba na son tayar mata da hankali kafin in san inda na dosa.

Ƙaninki,
Dogo


13 ga Maris

Dogo,

Wa'alaikumus salam. Na tuna ka sarai. Muna lafiya, sai gwiwa da ta fara yi mini gardama a matakala. Kada ka ce za ka kira ni a waya. Kunnen hagu ya yi ritaya, na dama kuma na kwastomomi ne. Ka ci gaba da rubutu, rubutunka ma yana da kyau, kamar na mutumin da ba a taɓa sa shi gaggawa ba.

Gwaggo ta faɗi gaskiya, abin mamaki. Harkar gashi nake yi shekara goma sha shida, yanzu na buɗe wuri na biyu a bakin babban titi. Ma'aikata goma sha biyu ne, duk mata, babu wadda ta san inda ta ajiye abin da ta riƙe minti biyar da suka wuce. Ina neman wanda zai riƙe sito da makullai, ya san abin da ya shigo da abin da ya fita, ya san kwastoma da ranar zuwanta.

Ba zan ɓoye maka ba, aiki ne na tsayuwa. Ranar Asabar mukan yi kai arba'in, wani lokaci hamsin. Kowane kai sai an wanke shi sau biyu kafin a sa masa mai. Wurin akwai zafi, injuna shida ne ke hura iska tun safe, kuma idan sabuwar yarinya ta bar ƙarfe ya yi zafi da yawa, ƙauri har titi. Amma mutum yana sabawa.

Ɗan wan maigida ma yana son wurin. Shi kuma makullin ɗakinsa a wuya yake rataye shi, kuma a hakan yake ɓata. Na ce masa ya jira ƙarshen Afrilu. Kai ma iyakarka ke nan, don haka ka yi tunani da sauri.

Yayarka


24 ga Maris

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa, ina fata gwiwa ta yi sauƙi. Ki yi haƙuri da rubutun nan ya karkace, a gadon asibiti nake yin sa. Kada hankalinki ya tashi, da sauƙi.

Na karanta wasiƙarki sau huɗu. Ban san gashin kawuna ya zama babbar harka haka ba, har da injuna. Ni kuwa tun da aka haife ni ban taɓa gasa ko masara ba. Na ce kafin in ba ki amsa bari in gwada kaina, domin ba na son in zo in ba ki kunya a gaban mata goma sha biyu.

Ranar Lahadi maman yara ta tafi da yara gidan mahaifiyarta. Na je wajen mahauci na sayo kan rago biyu. Maƙwabcinmu mai walda ya ara mini rabin duro da raga. Na wanke kowane kai sau biyu kamar yadda kika ce, na shafe su da mai, na hura gawayi a tsakar gida na ɗora. Abin da ba ki faɗa ba shi ne yawan man. Wuta ta tashi sama da tsawona, wanda na yarda ba wani abin a zo a gani ba ne, amma ta kai igiyar shanyar matar saman bene, ta ci mata zanen gado ɗaya. Ƙaurin da kika ce yana kai titi, nawa ya tsallaka titi.

Daga nan tarina ya tashi, numfashi ya ƙi shiga. Mai walda ya saɓa ni a kafaɗa kamar buhu ya sa ni a tasi. Kwanana uku ke nan. Girar dama ta tafi, ta hagu saura rabi, yara sun ce kullum kamar tambaya nake.

Maman yara ta tsaya a kaina ta ce, "Me ya kai ka?" Na ce so na yi in ba ta mamaki. Ta ce, "Shekara goma sha bakwai ko ruwan shayi ba ka taɓa dafa mini ba, sai kan rago?"

Likita ya ce ni da hayaƙi sai dai kallo daga nesa. Saboda haka ina tambaya: siton yana kusa da wuta ne? Sannan kai arba'in a rana, gangar jikin fa, ina kuke kai ta? Zan ba ɗan'uwan mai gadon kusa da ni wannan ya jefa mini a gidan waya.

Ƙaninki,
Dogo


27 ga Maris

Yaya,

Gaisuwa a takaice, jikin ba ƙarfi. An sallame ni ranar Laraba. Ina gida ina hutawa, ban saba zaman gida da rana ba, sai kallon silin nake. Maman yara har yanzu ba ta san asalin maganar ba. Ina jiran amsar tambayoyina.

Dogo


4 ga Afrilu

Dogo,

Inna lillahi. 'Yar takardarka mai layi huɗu ta same ni ina tsakiyar aiki. Ban san wasu tambayoyi kake nufi ba, babu abin da ya zo mini bayan wasiƙarka ta farko sai wannan. Amma ba lokacin tambayoyi ba ne.

Shekara ashirin da ɗaya a ƙasan bene, a sallame ka ranar Laraba kamar wanda ya zo jiya? Ko ƙarshen wata ba su iya jira ba? Ka ce jiki ba ƙarfi, ina zai yi ƙarfi.

Ni ban iya zama da abu ba, don haka ga abin da na yi. Na ɗauki adireshin ofishinku a bayan ambulan ɗinka na rubuta wa yaron nan manaja shafi biyu. Ban zage shi ba, na dai gaya masa ko shi wane ne. Na aika wa Gwaggo ta tattara mutane su je su yi wa matarka bayani, domin wannan ɓoye-ɓoyen naka ya isa, mace ba za ta riƙa ganin miji a gida da rana ana ce mata hutu ba. Ɗan wan maigida na ce masa ya nemi wani wuri, maigida kwana biyu ba ya yi mini magana, na huta. Akwai ɗaki a bayan shago, na sa an share, an sa katifa. Ba sai an sayo doguwa ba.

Ka daina kallon silin. Ka haɗa jakarka.

Yayarka


15 ga Afrilu

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa, ina fata kowa lafiya. Ni jiki ya dawo, gira ma ta fara tsirowa. Yaya, daga asibiti aka sallame ni, ba daga aiki ba. Na rubuta miki komai a doguwar wasiƙa, da alama mutumin da na ba bai jefa ba.

Wasiƙarki da ta manaja rana ɗaya suka iso. Ina ƙasa ina karanta tawa, sai na ga takalmansa sun wuce taga. Ya shigo da takarda a hannu ya ce, "Baba, wace ce wannan?" Na ce yayata ce, amma ta nesa, nesa sosai. Ya ce, "Ta ce ni yaro ne da ba a koya wa gaisuwa ba. Ta ce akwai fayil a ɗakin nan da suka girme ni." Na ce ya yi haƙuri. Ya ce, "Na duba, gaskiya ne, akwai guda ɗari biyu."

Sai ya jawo kujera ya zauna. Ban taɓa ganinsa zaune ba, ashe ƙafafunsa suna lanƙwashewa. Ya ce tunda an riga an zage shi a kan abin da bai yi ba tukuna, gara ya faɗa mini gaskiya. Ƙarshen Yuni za a rufe ɗakin fayil. Abu biyu ne a gabana. Ko in karɓi haƙƙina in tafi da mutunci, ko in zauna na shekara ɗaya kusa da wata na'urar da za a kawo, wadda aikinta yayyanka takardun da wannan ta gama ɗauka. Wato fayil ɗin da na yi shekara ashirin da ɗaya ina kakkaɓe wa ƙura, ni zan riƙa miƙa su ana mai da su zare-zare.

Na koma gida da yamma na tarar da takalma takwas a ƙofa. Gwaggo ce da mata uku, sun sa maman yara a tsakiya. Gwaggo ta kama hannuna ta ce, "Haƙuri, ɗana, haka duniya take." Na ce, "Gwaggo, daga wurin aikin nake." Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "To mu da muka taso tun daga can fa?" Kamar na yi mata laifi da ba a kore ni ba. Sai da suka ci abinci suka tafi.

Bayan sun fita maman yara ta ce in zauna. Na faɗa mata komai, tun daga na'ura har kan rago. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Manaja ya sani, Gwaggo ta sani, wata da ban taɓa gani ba ta sani har ta yi maka shimfiɗa. Ni da nake wanke rigar da kake zuwa aikin da ita, ni ce ta ƙarshe." Har yau abincina a rufe nake samunsa a kan tebur.

Game da aikinki, na gode ƙwarai, amma ba zan iya ba. Likita ya hana ni hayaƙi. Kai biyu kawai na gasa suka kwantar da ni kwana huɗu, ina ga arba'in. Zan karɓi aikin yanka takarda. Ki ba ɗan wan maigida haƙuri, ki mai da shi.

Ƙaninki,
Dogo


23 ga Afrilu

Dogo,

Muna lafiya, in ban da haƙarƙarina da ke ciwo, kuma kai ne sanadi. Wasiƙarka ta asibiti ta iso jiya tare da sabuwar, da tabon miya a jikinta. Na fara karantawa a tsaye, na ƙarasa a ƙasa. Yaran shago suka zaci faɗuwa na yi. Na karanta musu, wata kwastoma da kanta ke cikin injin busarwa ta ce a kashe a maimaita mata.

Gashin kai, Dogo. Suma. Shagon gyaran gashi nake da shi. Kawunan nan arba'in na mata ne masu rai, da ƙafafunsu suke zuwa. Ka tambayi inda muke kai gangar jikin: gida take komawa, bayan ta biya.

Na manaja kuma laifina ne, na karɓa. Ka ce masa na janye shafi na biyu. Matarka na rubuta mata daban, tsakanina da ita ne, ba ruwanka.

Yanzu maganar gaskiya. Babu wuta a nan, babu hayaƙi, siton yana can baya da tagarsa babba. Abin da ke ciki shi ne gashin kanti kwali-kwali, kowane da lambar launinsa da tsawonsa, da man shafawa, da rini, duk a jibge. Makon jiya mun sayo lamba huɗu kwali goma, muka dawo muka tarar da goma sha biyu a bayan ƙofa. Katin kwastomomi a cikin bokiti yake. An taɓa rina wa matar wani alƙali kai da launin wata kwastoma daban, ba na son tuna ranar.

Ga abin da ba zai yi maka daɗi ba. Albashin wata shida na farko bai kai naka na yanzu ba. Ina da faɗa, ka ga samfuri. Yaran nan za su yi ta tsokanarka, sun riga sun sa maka suna, ba zan faɗa ba sai ka zo. Kuma sabon wuri ne, yana iya tsayawa, yana iya faɗuwa, ni ma da tsoro nake kwana. Can kana da shekara ɗaya tabbatacciya, nan ba ka da tabbacin komai sai aiki.

Amma mutumin da ya sayo kan rago biyu don kada ya ba ni kunya, shi nake so ya riƙe mini makulli. Saura kwana bakwai. Wannan karon ka tambayi matarka kafin ka tambayi mahauci.

Yayarka


5 ga Mayu

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa, ina fata haƙarƙari ya warke. Mu lafiya lau. Na san na wuce ranar da kika sa da kwana biyar, ki yi haƙuri, kwanakin ne suka zo da yawa.

Na miƙa wa maman yara wasiƙarki. Ta karanta ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Na zaci kuka take, sai na ji gado yana girgiza. Da ta fito tana share hawaye ta ce, "Lamba huɗu ai ruwan ƙasa ne mai duhu, ko wannan ba ka sani ba?" Ban san abin da kika rubuta mata ba, amma ranar tare muka ci abinci.

Mun yi kwana uku muna maganar. Ni ina cewa shekara ɗaya a hannu ba abin wasa ba ce, ga makarantar yara, ga haya. Ita tana cewa bayan shekarar fa, zan zama mai arba'in da tara, gwanin yanka takarda. Na ce ina tsoro. Ta ce ta sani, ita ma haka, amma tun da aka kawo na'urar nan nake dawowa gida kamar wanda aka aika ya rasa gidan da aka aike shi. Ta ce in je in gwada, ita da yara za su zauna har a gama zangon karatu, idan abin ya tsaya su biyo ni.

Na hau sama na gaya wa manaja. Ya miƙe ya ba ni hannu, ya ce in tafi tun yanzu ba sai Yuni ba, haƙƙina cikakke, akawu zai ƙarasa sauran kanta biyar. Ya ce in gaishe ki, kuma in tambaya shafi na ɗaya fa. Na nuna wa akawun inda komai yake, na faɗa masa kanta ta tara tana cizon yatsa. Bai saurara ba, ta cije shi.

Zan taso ranar Alhamis a motar safe. Ina da sharaɗi biyu. Kada kowa ya taɓa siton kafin in zo, ko da niyyar gyara ce. Sannan a saya mini kati ɗari biyar da akwatin katako mai aljihu, bokitin nan ya koma aikin da aka yi shi dominsa.

Jiya da safe na yi wanka, na sa kaya, na goge takalmi, har na kai bakin titi kafin na tuna babu inda za ni. Na tsaya motar ma'aikata ta zo ta wuce. Direban ya ɗaga mini hannu, ni ma na ɗaga masa. Na daɗe a wurin, sannan na juyo gida. Maman yara tana tsaye a ƙofa, ta dube ni da jakata a hammata. Ta karɓi jakar ta miƙo mini tsintsiya.

Sai na iso.

Ƙaninki,
Dogo